Dattijo a Layin Jarrabawar Walda

A zauren da masu walda ke jiran jarrabawar takardar shaida, wani dattijo yana zaune kusa da ni. Tartsatsi ya huhhuda rigarsa. Idanunsa sun yi fari-fari kamar an ɗiga musu madara, kuma tunda na zauna ban ga ya ƙifta ba.

Hannunsa na dama yana bin gefen benci a hankali, babu komai a ciki, yana haɗa ƙarfen da ba ya nan.

"Baba, kai ma jarrabawar za ka yi?"

"Shekara talatin ina walda, ɗana," in ji shi, yana kallon bangon da ke bayana. "Yanzu kamfani ya ce ko takarda, ko in koma gida."

Ina zargin ganinsa ya daɗe da tafiya, kuma ko matarsa bai gaya wa ba.

Sai aka kira lambarsa. Tun a zaune ya rufe fuska da baƙin gilashin walda, wanda ba a ganin komai ta cikinsa sai wuta ta kama. Haka ya ratsa kujeru da ƙafafun mutane har ƙofar ɗakin jarrabawa, bai taɓa ko ɗaya ba.