Sakin Da Ke Cikin Littafi

Ko me zan manta a rayuwata, ban da yammacin da na kusa kashe aurena da hannuna.

Ina kwalejin ilimi a lokacin. Aka ba mu wani tsohon wasan kwaikwayo na zamanin Turawa, malaminmu ya ce kowa ya haddace fitowa ɗaya, ya kuma binciko yadda ake gabatar da wasan a wancan zamani. Ni dai haddar na sa a gaba. Fitowata ta rigimar miji da mata ce, don haka da maigidana ya dawo daga kasuwa sai na miƙa masa littafin, na ce ya karanta min maganar mijin. Ashe bawan Allah ɗan wasa ne. Ya miƙe a tsakar gida, ya murtuke fuska, ya nuna ni da yatsa: "Na sake ki, saki uku!"

Sai muka ji faɗuwar buta. Gwaggonsa ce, da muke zaune tare a Mandawari. Ta rafka salati.

"Gwaggo, littafi ne fa," in ji shi.

"Littafin ne ya nuna ta da yatsa? Ba a wasa da saki, ɗan nan. Ke kuma ɗauko mayafinki."

Tun ina dariya har na daina. Kafin magariba ina gidanmu a Kabuga, ban san ko matar aure ce ni ko bazawara ba. Baba ya tambaye ni laifin me na yi, na ce karatu. Wannan ya ce saki ya auku ko da wasa ne, wancan ya ce ina! Maigidan ya biyo ni, aka tsayar da shi a zaure kamar baƙo. Wallahi na sha kuka, don ina son mijina.

Aka kai maganar gaban wani tsohon malami. Ya sa aka karanta masa fitowar, ya ce mai maimaita maganar wani ba shi ya yi saki ba. Sannan ya yi murmushi: "Muna 'yan makaranta mun yi wasan nan, ni ne ma matar. Ai maza zalla ke yi a lokacin, babu wanda ya taɓa faɗa wa matarsa."

Binciken da aka sa ni ke nan, ya iske ni a durƙushe, idanu a kumbure. Tun daga ranar ba na ɗauko maganar mutanen da in sa a bakin wani sai na san wa ya faɗe ta, kuma wa aka faɗa wa.