Ƙashin da Gwaggo Hajo Ta Ce Babu Shi

Ku da kuka ci romonta a kasuwar Filinge kun san Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, ba ta taɓa yar da ƙashi ba. Wanda ya gama tsotsa sai ya maida mata a kwano. Ta sake dafa shi, ta kuma dafawa, har ruwan ya fito fari fat, sannan ta shanya ta zuba a buhu. Na taɓa tambayarta amfanin ƙashin da ko kare ya shinshina zai wuce. Ta ce in bari, bai gama magana ba.

Shekarar da ɗiyata Rabi ta samu shiga makarantar lafiya a Yamai, har masu tallan goro sai da suka taya ni murna. Ni karatun yaƙi da jahilci na yi, da furfurata, don haka a gidanmu ita ce farkon wadda za ta sa farar riga. Amma da ta zo hutun layya, kuka ta kawo mini. Ta faɗi jarabawar ƙasusuwan jiki. Sau ɗaya za a bari ta sake, in ta kuma faɗuwa sai gida. Ta ce sunayen duk da Faransanci suke, kuma a hoto kowane ƙashi kamar ɗan uwansa.

Gwaggo na gefe tana babbaka kan rago. Ta ce, "Ke likitar ƙarya, mutum ai rago ne da ya miƙe tsaye. Share hawayenki ki ɗauko tabarma."

Haka ta bi gida gida tana karɓar ƙashin layyarmu daga bakin mutane. Maigidana na cikin tauna ta zare nasa. Ta jera ragon nan kaf a tabarma, daga ƙoƙon kai har wutsiya, tana ɗora hannun Rabi a kan kowane, Rabi na faɗin sunansa na littafi. Kuma wallahi abin ya shiga. Yarinyar da ke kuka sai ga ta tana dariya, tana kama gwiwata tana gaya mini abin da ke ciki.

Rigima ta fara ne a haƙarƙari. Littafi ya ce sha biyu kowane gefe, ragon Gwaggo sha uku. Suka ƙirga, suka sake. Gwaggo ta rufe littafin a hankali ta ce wanda ya rubuta shi ya cinye ɗaya ne bai faɗa ba, ta san irinsu, suna zuwa rumfarta.

Sai aka zo kan ƙashin nan da ke kwance daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Rago ba shi da shi. Rabi ta zazzage buhu, babu. Gwaggo ta ce tun tana budurwa take fasa kafaɗar dabba ba ta taɓa gamuwa da shi ba, don haka ƙashin Nasara ne, su suka ƙara don jarabawa ta yi wuya. Kun tuna yadda take a rame, nata ma har ya fi na kowa fitowa. Rabi ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa shi.

"To Kaka, wanga fa?"

"Wanga ba ƙashi ba ne. Wahala ce ta daskare."

Mun yi dariya har na riƙe ciki. Ban san dariyar za ta ƙare mini ba.

Rabi ta koma ta rubuta jarabawar. Ta ce da aka zo haƙarƙari kanta ya san sha biyu, hannunta ya rubuta sha uku. Ba shi kaɗai ya kayar da ita ba, na sani, akwai Faransancin da ya fi ƙarfinta. Amma ta dawo da akwatinta. Farar rigar da na ɗinka mata tun kafin lokaci tana ƙasan kayana, ban iya duba ta ba har yau. Yanzu Rabi surfe take yi tare da ni, ba ta ko son a ambaci Yamai.

Gwaggo da ta ji labari sai ta daina tsokanar Rabi, abin da ba mu taɓa gani ba. Romonta ma ya fara yin gishiri.

Bayan girbi ta hau rumbu ɗebo gero, don ba ta yarda wani ya auna mata ba, ta zamo ta faɗo a kafaɗa. Rabi ce ta taɓa wurin ta ce ƙashin nan ne ya karye, ta ɗaure mata hannu da ɗankwali yadda aka koya mata. A asibiti suka ɗauki hoton ƙirjinta, ga shi nan ya rabu biyu. Gwaggo ta ɗaga hoton a rana, ta daɗe tana kallo, ta ce na wata ne suka ba ta.

Daga wannan kwanciya ba ta tashi ba. Ƙashin bai haɗe ba, ciwo ya bi ciwo. Ana gobe za ta cika, da hantsi, ta kira Rabi, ta kama hannunta ta ɗora a wurin karayar.

"Akwai shi," in ji ta. "Koma ki gaya musu na yarda. Su bar ki ki sake."

Rabi ta ce to, Kaka. Ba wanda ya iya gaya mata cewa babu wurin komawa.

Buhun ragon yana nan a ɗakina. Na kasa yar da shi, Rabi kuma ba ta iya kallonsa. Ya Allah, Kai da za Ka tattara ƙasusuwa bayan sun ruɓe, Ka tattara na Gwaggo cif, har da wanda ta yi musunsa, Ka tashe ta babu karaya. Ita kuma yarinyar nan, Ka dube ta. Amin.