Gwaggo a Kujerar Iyaye

Ba ta haifi ko ɗaya daga cikinsu ba, ba kuma 'yar'uwar uban kowa ba ce, amma tun makon da ta fara shiga aji ɗalibai suka laƙaba mata Gwaggo, sunan ya bi ta har ofishin malamai. Tela ce. Ta fi shekara ashirin tana taka keke a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, har ƙafarta ta dama ta saba da motsi ko da tana zaune a bencin asibiti. Da 'ya'yanta mata suka kama gabansu, wata safiya ta lulluɓe keken da tsohon zane, ta ce wa maigidanta za ta koma ta ɗauki karatun da ta ajiye tun tana budurwa. Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma in kika faɗi jarrabawa kada ki ce ni na hana ki barci." Ya gama tsokanarsa, shi ya kai ta ƙofar kwalejin a bayan babur.

Karatun koyarwa take yi. Kujerar gaba tata ce, ba mai ja da ita. A jakarta akwai littattafai, akwai kuma allura da zare, domin ba ta iya ganin aljihu a yage ta yi shiru. Tsakanin darasi da darasi za ka ga ƙato tsaye a gabanta kamar ɗan firamare, tana ɗinke masa maɓalli tana yi masa faɗa a kan rashin aski. Suna tsoron bakinta, suna kuma son ta, kuma ta san da duka biyun.

Mutum ɗaya ce ba sa shiri da ita, wata 'yar siririyar yarinya da ake kira Barkono, shugabar ƙungiyar ɗaliban da ke neman a sauya dokar ƙwaya. Maganarsu ita ce kamu da ɗauri da kora ba su rage shaye-shaye ba ko kaɗan, sai dai sun koya wa masu sha ɓuya, kuma wanda ƙwaya ta kama likita yake bukata, ba ɗan sanda ba. Ranar da Barkono ta miƙa wa Gwaggo takardarsu a bakin ɗakin karatu, Gwaggo ko hannu ba ta ɗaga ba.

"Ke yarinya, kauce min. Iyayenku sun turo ku karatu, kun zo kuna neman a sakar wa 'yan ƙwaya mara."

"Gwaggo, ki karanta mana tukuna."

"Na karanta a fuskarki. Da ni ke da iko, da mai sayarwa da mai sha duk ɗaki ɗaya zan kulle su in jefa mabuɗin a rijiya."

Barkono ta yi tsaki a ciki, ta wuce. Ba ta san abin da 'yan aji kaɗan suka sani ba, cewa Gwaggo ta taɓa haihuwar ɗa namiji guda ɗaya, kuma ƙwaya ce ta raba ta da shi yana saurayi. Ba ta zancensa. Ƙiyayyar da take yi wa abin nan ta gaske ce, kuma duk wanda ya ce ba ta da hujja bai taɓa binne ɗa ba.

A shekarar ƙarshe, jarrabawa ta matso, sai abin Shiru-Shiru ya faru. Shiru-Shiru yaro ne da ke zama bayan Gwaggo a aji, wanda in ya gaishe ka sai ka sa kunne kafin ka ji. Shi ya koya mata aiki da kwamfuta, bai taɓa yi mata dariya ba ko da ta goge aikinta gaba ɗaya da yatsa ɗaya. Wata rana da azahar ya koma ɗakin kwana ya tarar da abokin ɗakinsa a ƙasa, kumfa a baki, numfashi sama-sama. Yaran ɗakunan kusa suka taru a ƙofa, suka ce masa ya ja ƙofar ya fita abinsa, ya ce ba ya nan. Sun san dokar kwalejin: ɗakin da aka samu ƙwaya, duk mai kwana a cikinsa korarre ne, ya sha ko bai sha ba. Shiru-Shiru ya durƙusa kan abokin ɗakinsa. Ya goya yaron ya sauko da shi bene, ya ratsa filin ƙwallo da shi a rana tsaka har asibitin makaranta. Yaron ya rayu, iyayensa suka zo suka tafi da shi. Shi kuwa wanda ya goyo shi, aka ce an kore shi, ya tattara kayansa ya jira mahaifiyarsa ta zo ta ɗauke shi.

Gwaggo ta ji labarin a aji, ta koma gida ba ta iya cin komai ba. Ta yaye zanen keken ɗinki ta zauna a gabansa, ƙafa na takawa, babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura. Abin da take ƙin tunawa shi ya zo ya tsaya mata. Ɗanta ma abokai gare shi. Ranar da ya faɗi a hannunsu, sun yi ta yawo da shi a mota suna shawara, kowa na tsoron a tambaye shi sunansa a asibiti, daga ƙarshe suka jingine shi a ƙofar shagonta suka gudu. Likita ya ce mata da an kawo shi da wuri da an yi wani abu. Shekara da shekaru tana tsine wa yaran nan. Sai yau ta ga abin da suka ji tsoro, ga shi a fili an yi wa wanda bai gudu ba.

Washegari ta sami Barkono a gindin bishiyar da suke taro.

"Ban yarda da rabin abin da kike faɗa ba," in ji Gwaggo.

"Ɗaya rabin ya ishe mu, Gwaggo."

"Kuma waɗannan tsummokaran da kuke ɗagawa abin kunya ne. Kawo su nan."

Ta kwashe ƙyallayen zanga-zangar ta kai gida, ta dawo da su an kalmashe bakinsu tsaf, an yi musu hannun riƙewa. Suka yi ta zagaye harabar makaranta da su, Barkono na ihu har muryarta ta dushe, Gwaggo na biye a baya da lema saboda rana. Hukuma ko gezau. Da surutun ya ishi Shugaban Ladabtarwa, wani mutum mai ƙaunar jin muryarsa, sai dabara ta zo masa. Ya kira taron iyaye. A lissafinsa babu uban da zai goyi bayan sassauta dokar ƙwaya, iyaye za su ɗaga hannu, a rufe bakin yaran a gaban shugabar kwalejin, a wuce wurin. Ya sa aka sanar cewa ɗalibai za su iya tsayawa a baya su saurara, amma ba a yarda ko ɗaya ya yi magana ba.

Ranar taron Gwaggo ta yi shigarta ta kullum, ta nufi inda ɗalibai ke cunkushe a bayan zaure. Sai wani sabon mai gadi ya tare ta da ladabi.

"Mama, ba nan ba. Wurin iyaye can gaba ne."

Ta buɗe baki za ta gyara masa, ya riga ya karɓi lemarta yana buɗa mata hanya. Ta waiwaya, ta ga Barkono ta zaro ido tana yi mata alama da hannu biyu ta tafi, ta tafi. Gwaggo ta bi shi. Ya zaunar da ita a layin farko, kusa da wata mata ramammiya da ta ɗora igiya a cinya tana murza ta.

"'Yar'uwa, igiyar mece ce?" Gwaggo ta tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Ragowar wadda na ɗaure katifar ɗana ce. An kore shi don ya goya abokin ɗakinsa zuwa asibiti. Kayan na waje, ana tashi za mu tafi." Ta share ido da gefen mayafi. "Ban ma san me zan ce wa ƙannensa ba. Shi suke kallo."

Shugaban Ladabtarwa ya yi dogon jawabi a kan tarbiyya da ɓata-gari da ruɓaɓɓen tumatir da ke lalata kwando. Da ya gama ya ce, "Yanzu bari yaran nan su ji daga bakin uwa." Ya duba layin farko, ya zaɓi fuskar da ta fi kowace ɗaurewa, ya sauko da kansa ya miƙa mata makirufo. Malaman da suka san ta suka sunkuyar da kai, ɗaya ya toshe baki da hankici.

Gwaggo ta miƙe ta karɓa.

"Ranka ya daɗe, ka ce uwa, kuma ba ka yi kuskure ba. Duk zauren nan babu wanda ya kai ni ƙin ƙwaya." Shugaban ya gyaɗa kai yana murmushi. "Ta kashe min ɗa. Amma ba ita kaɗai ta kashe shi ba. Yana da sauran numfashi abokansa suka ajiye min shi a bakin ƙofa suka gudu, don suna tsoron abin da za a yi musu in sun kai shi asibiti. Da a cikinsu akwai yaro ɗaya irin ɗan matar nan, da yau ina da jikoki ta wajensa."

Murmushin Shugaban ya fara bushewa.

"Iyaye, ku dubi bayan zauren nan. Naku na ciki. Ban ce yana sha ba, Allah ya kiyaye. Amma in ya faɗi gobe, ko da ciwon farfaɗiya ne, wa zai ɗauke shi? Sun ga abin da aka yi wa wanda ya ɗauka. Kowa zai ja ƙofa ya ce ba ya nan."

"Mama," Shugaban ya katse ta, "wane ne ɗanki a makarantar nan?"

"Ni ce ɗalibar, ranka ya daɗe. Ajin ƙarshe, sashen koyarwa."

Bayan zaure ya fashe da ihu. Shugaban ya miƙa hannu zai karɓe makirufo yana cewa ai an hana ɗalibai magana, sai wani dattijo mai hular ma'aikatan jirgin ƙasa ya miƙe daga layi na uku.

"Malam, kai ka ba ta. Ka bar ta ta ƙarasa."

"A bar ta!" in ji wata mata daga gefe. Sai ga murya ta ko'ina.

Gwaggo ba ta ƙara da yawa ba. Ta ce mai sayarwa a yi maganinsa, wannan ba ta da ja. Wanda ya kamu a kai shi wurin likita, a kira iyayensa, a bar masa ƙofar dawowa. Wanda kuwa ya ceci rai, in ba za a gode masa ba, to kada a ɗaure masa katifa. Ta zauna, matar nan mai igiya ta damƙe hannunta.

Daga nan taron ya fi ƙarfin mai shi. Wani uba ya ba da labarin ɗan maƙwabcinsa da aka ɗaure a kan ɗan ƙullin ƙwaya ɗaya, ya shiga kurkuku yana yaro mai kunya, ya fito ya fi da lalacewa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ta gaji da karɓar yaran da aka kawo bayan lokaci ya wuce. Akwai waɗanda suka ƙi, har wani ya fita yana faɗa, kuma ba a hana shi ba. Da aka ce masu son a bar dokar yadda take su ɗaga hannu, hannayen da suka tashi ba su cika layi biyu ba. Shugabar kwalejin ta jawo makirufo ta ce za a zauna a kan dokar, da wakilan ɗalibai a teburin. Kafin ƙarshen zangon kuwa aka sauya dokar, Barkono ta ɗauki labarin ta yi ta yawo da shi makarantu tana cewa saura ta ƙasa baki ɗaya. Amma a ranar, maganar da kowa ke jira ita ce ta ƙarshe: an janye korar Shiru-Shiru, zai rubuta jarrabawarsa.

Aka fito waje ana turereniya. Ga kayan Shiru-Shiru a gindin bene, akwati da bokiti da katifa a naɗe, shi kuma yana tsaye a kansu don an hana shi shiga zauren. Bai san me ya faru ba. Ya ga jama'a sun nufo shi da gudu har ya ja da baya. Mahaifiyarsa ta ratso su ta tsaya a gabansa, sai ta durƙusa ta kama ƙullin igiyar tana ƙoƙarin kwancewa. Ƙullin kuwa ita ta ɗaure shi da safe da dukkan baƙin cikinta, ya ƙi ko motsi.

"Matsa, 'yar'uwa," in ji Gwaggo.

Ta zaro almakashi daga jaka ta datse igiyar. Katifar ta baje a ƙasa, samari suka sure ta sama a kan kawunansu suka haye bene da ita suna kiran sunan Shiru-Shiru, wani ya bi su da bokiti yana kaɗa shi kamar ganga. Yaron ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi Gwaggo, hawaye na zuba.

"Umma," ya ce, da ƙarfin da ba a taɓa jin muryarsa da shi ba, "ki ce wa su ƙannena ina nan. Sai na gama zan dawo."