Shekara bakwai ban yafe wa Abu Samira abu ɗaya ba

A wannan watan mijina Idirisu ya cika shekara bakwai da rasuwa. A unguwarmu ta Kurayyat ba wanda ke kiran sa da wannan sunan, Abu Samira ake ce masa, da sunan 'yarmu ta fari. Ni ba mai fita ba ce, daga kicin sai falo sai gidan maƙwabta in an yi haihuwa. Teku ma da take nan kusa da mu, sau nawa na je bakinta? Amma shekara goma sha ɗaya na yi ina zaune da ita a raina, don a kanta yake aiki.

Nan Jidda aka haife shi, kamar ni. Kakanninmu ne suka zo aikin hajji suka zauna. Ya fara da dako a mina, wato tashar jiragen ruwa, ya koma jiragen da ke kawo alhazai, daga nan wani kamfani ya ɗauke shi a babban jirgin yawon shaƙatawa, irin mai hawa-hawa da wurin ninkaya a sama. Turawa ne fasinjojin, yawancinsu tsofaffi. Jirgin yakan bi ta Bahar Maliya ya gangara kudu, ya ratsa wurin da 'yan fashin teku suka addaba a shekarun nan. Saboda Larabcinsa da kaifin idonsa aka sa shi cikin masu tsaro. Ba bindiga yake riƙewa ba. Tsayawa yake a sama da madubin hangen nesa yana duban ƙananan kwale-kwale, in ɗaya ya matso ya yi masa magana da lasifika. Na taɓa tambayarsa yadda yake gane masunci da ɓarawo, tunda duk kwale-kwale ɗaya ne. Ya ce yana duba ko akwai tsani a ciki, mai kamun kifi ba abin da zai yi da tsani a tsakiyar ruwa. Iyakar abin da ya taɓa gaya mini game da haɗarin aikinsa ke nan. Sauran labarinsa duk na dariya ne: tsohuwar da ta nace sai ya koya mata cin tamis da ful, burodi da wakenmu na nan, da hannu, da mai dafa abincin da bai san barkono ba.

Ni kuwa Allah bai ba ni boko ba, amma ya ba ni kunne. Ko a waya nakan san wanda ya ci abinci da wanda bai ci ba. Wata rana bayan azahar ya kira ni, ina yanka kuɓewa. A bayan muryarsa ina jin ruwa yana zuba da ƙarfi, ina jin takun mutane da gudu a kan ƙarfe, shi kuma yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Na ce, "Abu Samira, lafiya? Wannan ruwan fa?" Ya ce, "Wankin jirgi muke, ya shekha. Kin ga mijinki ya zama mai wanki, kada ki gaya wa matan unguwa." Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, abin da ba ya yi, ya ce, "Yalla, sai anjima." Na san ba wanki ba ne. Na ajiye wuƙa na yi alwala. Da ya dawo hutu ban tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba, na dafa masa miyar kuka ya ci ya yi barci. Haka muka saba: ya ɓoye, in gane, in yi shiru, kowa yana ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa.

Sai a zaman makokinsa na ji gaskiyar ranar. Abokin aikinsa Bashir, Bahaushen Sudan, ya zo gaisuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana magana ina daga ciki. Ya ce kwale-kwale biyu ne suka bi su, da tsani da makamai. Ruwan da na ji tiyon kashe gobara ne aka buɗe ta kowane gefe don kada a samu wurin hawa. Idirisu na tsaye a fili yana faɗa wa kyaftin ta inda suke matsowa, har jirgin ya ƙara gudu ya bar su. Yana sauka ya kira ni. Na tambayi Bashir, fasinjoji fa, sun sani? Ya ce, "Sun sani mana, Hajiya. Tun kafin a shiga wurin ake tara su, a gaya musu in sun ji ƙararrawa su bar tagogi, su zauna a lungun da ke tsakanin ɗakuna. Har gwaji ake yi musu."

Wannan maganar ta fi labarin 'yan fashin yi mini zafi, kuma zan faɗi dalili.

Shekara uku kafin rasuwarsa ya bar teku, ya samu aikin gadi a wani gida a Abhur, can arewacin Jidda. Na yi murna, na ce Allah ya raba ni da zaman fargaba. A shekarar ƙarshe ya fara ramewa. Ya ce sukari ne, likita ya hana shi shinkafa. Gidanmu hawa na uku ne, ba lif. Da can a tashi ɗaya yake hawowa yana waƙa. Sai na fara jin yana tsayawa a hawa na biyu. Daga baya a na farko ma. Ina tsaye a bayan ƙofa ina ji, in ya kusa in koma kicin da sauri don kada ya san na ji. In ya shigo ya ce ya tsaya gaisawa da Bayamanen da ke hawan ƙasa ne, mutumin surutu gare shi. Bayamanen kuwa ya tashi daga gidan tun azumi.

Ranar wata Talata da safe ya sa farar jallabiya ya ce zai je maganar iƙama, takardar izinin zama, wurin kafili, wanda ya tsaya masa a gun hukuma. Ya sha shayi rabin kofi. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ni, ya buɗe baki, na ga maganar ta zo. Sai na ce masa, "In za ka dawo ka biyo mana da lemun tsami." Ya yi dariya ya ce halas, an gama. Asibiti ya tafi. Kafin la'asar aka kira ƙaninsa aka ce ya cika. A cikin jakarsa aka samu takardu, ciwon huhu ne, ya sani tun wata tara.

Ku da kuke karantawa kun san yadda muke yi. In ciwo ya yi nauyi, miji da mata sukan zauna su nemi gafarar juna, ya ce ki yafe mini, ki ce na yafe, kai ma ka yafe mini. Uwata ta samu wannan da ubana. Ni shekara talatin da huɗu na zauna da mutum, da bakina mai kaifi, da ranakun da na yi masa gori a kan barin mu da yara, ban samu minti biyu na ce ya yafe mini ba. Mata ba ma zuwa maƙabarta a nan, a ƙofar gida muka rabu. Da ƙaninsa ya dawo daga jana'iza ya tsaya ya ce, "Yaya, kin yafe masa?" Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa. Komai na yafe, ban da wannan. Baƙin da bai san su ba, an gaya musu inda za su zauna in abu ya taso. Ni da nake matarsa ya bar ni a bakin taga.

Yanzu duniya ta canja. Irin jirgin da ya yi aiki a kai daga nan minar Jidda yake tashi, 'ya'yan maƙwabta na shiga bayan biki. Bara Samira da mijinta suka shiga na kwana uku, ta dawo tana ba ni labari rabi Hausa rabi Larabci, wai akwai kyamara ko'ina, da na'urar da ke hango kwale-kwale tun ido bai gan shi ba. Da yana nan na san abin da zai ce: na'ura ta gani, amma wa zai yi wa masunci sallama ya tambaye shi kifi, kada a tsorata talaka a banza? Kuma da ya ji cewa abin tsoro a tekun nan yanzu har daga sama yake zuwa, da ya canja tashar labarai don kada in ji.

Samira ce ta tayar mini da abin da na binne. Tana naɗe kaya ta ce, "Ummi, ke da kike jin tafiyar kyanwa a kan rufi, da gaske ba ki ji Baba ba shi da lafiya ba?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce mata ta miƙo mini mayafi. Kwana da kwanaki tambayar tana bina har kan sallaya.

Na ji mana. Wata tara ina ji. Na ƙirga matakalar da yake tsayawa. Ranar Talatar nan maganar na bakinsa, ni na rufe ta da lemun tsami, don ina tsoron abin da zai faɗa. Shekara bakwai ina riƙe da shi a kan ya ɓoye mini, alhali mu biyu muka ɓoye, shi da baki, ni da kunne.

In an tambaye ni me ya bari, ba gida ba fili. Akwai tsofaffi a ƙasashen da ban san sunansu ba da suka koma wurin jikokinsu lafiya, ba su san wani Idirisu ya tsaya musu a fili ba. Akwai 'ya'ya huɗu da ba su taɓa ganin tsoro a fuskar ubansu ba. Wannan alheri ne, ko da ni na biya wani abu a kansa.

Abu Samira, yau a gaban mutane nake faɗa, da zuciya ɗaya: na yafe maka. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta da tsayuwa. Nawa na sauke. Taka yafiyar kuwa, da maganar da na hana ka faɗa a bakin ƙofa, zan jira su har mu haɗu.