Sau Biyu Ka Girgiza Kai

Da safiyar Talata, 3 ga Maris, 2009, 'yarka Odessa ta bugo mini waya gidan tsofaffi ta ce ka cika. Hosea Tarver, saura ni kaɗai ke nan a cikin waɗanda suka san abin da ya faru.

Shekara shida muna wasan ƙwallon besbol a ƙungiyar baƙar fata ta garin Bessemer a Amurka, kana jifa, ina tsugune bayan mai bugu ina cafewa. Ni nake nuna maka irin jifan da za ka yi, da yatsu, tsakanin gwiwoyina.

A 1948, da manyan ƙungiyoyin farar fata suka fara ɗaukar irinmu, wakilinsu ya zo kallo. Mai cafewa yake nema, kuma Roscoe Bivens na abokan karawarmu ya fi ni. Da Roscoe ya ɗauki kulki ya tsaya zai buga ƙwallon, na yi maka alamar ka jefa daf da fuskarsa. Ka girgiza kai. Na sake, ka sake girgizawa. A na uku ka jefa. Babu hular kwano a lokacin. Har yau ina jin ƙarar.

Roscoe ya rasa ido. Kai kuma aka sa maka suna mai jifan kan mutane, ka ƙare a masana'antar ƙarfe. Shekara talatin kana kai Roscoe coci kowace Lahadi a tsohuwar motarka. Da matata ta rasu, kai ka kawo ni nan, kana zuwa mini da gurasar masara a nannaɗe.

Bara na yi niyyar faɗa wa Odessa gaskiya a gabanka, sai ka kama hannuna.

"Dubi yatsun tsohon nan, kamar saiwar bishiya!"

"Kai ka karya su, ɗan banza. Hosea, bari in gaya mata..."

"Virgil, ni na saki ƙwallon. Ci gurasarka."

Na kuwa ci. Yanzu yatsan da na yi alamar da shi yakan motsa da kansa a kan bargo, in ɗaga ido in gan ka tsaye a bakin ƙofa kana girgiza kai.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya yafe wa wanda ya ba da alamar. Odessa, Allah ya ba ku haƙuri. Ki tara jikokinsa ki gaya musu: sau biyu ya ƙi. Ni na nace.

Virgil Mabry