Abin da Ke Motsi Ba Ya Fitowa

Mijin yayata mai hoto ne, kuma a unguwarmu ba mai kiran sa da sunansa na gaskiya. Matsa-Kaɗan ake ce masa, har yara. Shi ya jawo wa kansa, don in ya kafa kyamara zai ɗauki bishiya ko dutse, duk wanda ya gifta sai ya ji, "Matsa kaɗan, ka shigo mini hoto." Wadda ta fi kowa shan wannan magana kuwa ita ce Yaya.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran agogo da mai facin taya. A gaba akwai kujera ɗaya da farin ƙyalle a bango, inda yake ɗaukar hoton fasfo yana ɓata rai kamar an sa shi dole. Da wannan ake ci a gidan. A baya akwai ɗakin wanke hoto, mai jan ƙwan lantarki da warin magani, kuma nan zuciyarsa take. Abin da yake wankewa don kansa duk baƙi da fari ne: busasshiyar bishiya ita kaɗai a fili, tsauni da gajimare a kansa, bakin teku. Ba mutum ko ɗaya. Na sha tsokanar sa, in ce, "Yaya ta auri mai hoton itacen girki." Sai ya yi murmushi ya ce, "Auta, kala ƙarya ce, mutane kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya." Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Duk ranar hutu sai su hau mota su tafi, shi da kyamara, ita da jakar fim da fulas ɗin shayi da ƙarfen nan mai ƙafa uku. Na bi su sau ɗaya na rantse ban ƙara ba. Yana da wata dabara ta ɗaukar teku: sai ya buɗe idon kyamarar ya bar shi a buɗe na tsawon lokaci, har igiyar ruwan ta fito lumui kamar an shimfiɗa auduga. Ina tsaye na ga Yaya ta ratsa ta gaban kyamarar za ta ɗauko murfin fulas da iska ta kwashe. Na ce, "Shi ke nan, ta ɓata." Ya ce, "A irin wannan ba komai. Abin da ke motsi ba ya fitowa."

To Yaya kuwa ba ta san zama ba. Ko a gida, in ba ta wanki tana guga, in ba ta guga tana goge gilashin hotunansa. Hoton aurensu ɗaya ne, shi ma yoyon rufi ya cinye shi. Ta sha ce masa ya ɗauke ta wani, ko na fasfo ne. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ai kina nan, ina za ki?"

Ta tafi kuwa, ta rasu 'yarsu ba ta ko shiga makaranta ba. Ciwo ne a ciki, kuma da aka gane shi ya riga ya yi nisa. Ni na ɗauki yarinyar na raina. Gaskiya ban yafe wa ubanta ba. Bai taɓa zagin Yaya ba, bai bar ta da yunwa ba, amma mutumin da ke iya zama tun hantsi yana jiran inuwar gajimare ta sauka a kan tsauni, bai ga matarsa tana ramewa a gabansa ba. Gaisuwa kawai ta rage tsakaninmu. Shi kuma ya daina tafiye-tafiyen, ya ce kayan sun yi masa nauyi. Ashe dai ya san akwai mai ɗauka.

Yarinyar ta girma, ta ɗebo ubanta kamar an tsaga kara, ko hancin uwarta ba ta samu ba. Da ta haifi ta fari, wata rana tana shayarwa ta ce mini, "Inna, wallahi na rufe ido in ga fuskar Mama, ba na ganin komai. Me zan nuna wa wannan in ta tambaya?" Na ce ta ɗauko mayafinta.

Muka same shi a shago yana gyangyaɗi, ya tsufa, kasuwar ma waya ta kashe ta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, hoton Mama nake so. Ko ɗaya ne."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Duk hotunan tekun nan tana ciki. Ta wuce ta gabansu."

Na ce, "Mu ba tatsuniya muka zo ji ba. Akwai ko babu?"

Ya ɗaga kai ya dubi babban hoton da ke saman kujerar fasfo, wanda ya fi alfahari da shi: baƙaƙen duwatsu a cikin farin ruwa, da wata karkatacciyar bishiya a gefe. Tun tana ƙarama yarinyar take ganin sa a wurin. Ya ce, "Wannan ba duka ba ne. Na yanke gefen dama."

Ya jawo wani akwatin takalmi cike da tsofaffin fim, ya yi ta ɗaga su a hasken ƙofa, har ya sami wanda yake nema. Muka bi shi ɗakin wankin, mu uku a matse, jaririyar a bayan uwarta. Ya sa fim ɗin a na'ura, ya haska shi a kan farar takarda, ya tsoma ta cikin tiren magani yana girgizawa a hankali. Duwatsun suka fara fitowa, sai bishiyar. Can gefen dama, a kan wani faffaɗan dutse, sai ga mace a zaune, 'yar mitsitsiya, jaka a gabanta, hannu ɗaya dafe da ciki.

Ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Tafiyarmu ta ƙarshe ke nan. Na ce mata matsa kaɗan. Ta ce, 'Bari in ɗan huta.' Ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba. Ni kuma haushi na ji, don hasken yana wucewa."

Maganganun da na tara masa shekara da shekaru suka taso mini har wuya. Na buɗe baki, sai na ga babu wadda bai riga ya gaya wa kansa ba.

Yarinyar ta ce, "Baba, a ƙara girmanta mana, in ga fuskar."

Ya ɗaga na'urar sama, ya sa sabuwar takarda, ya wanke. Kan ya fito babba, amma fuskar ta watse ta zama ɗigo-ɗigo kamar yashi. Ya sake, ya rage, ya ƙara, har takardun da suka rage masa suka ƙare. Da nisa mutum ce, da kusa babu kowa.

Muka fito haske da na farkon, yana ɗigar ruwa. Yarinyar ta riƙe shi da yatsu biyu, ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, sannan ta miƙo mini.

"Inna, ke kin san ta. Ita ce?"

Na duba da kyau. Ni da nake cika baki cewa ko cikin dubu zan fitar da Yaya, na nemi fuskar a takarda ban samu ba, na neme ta a raina, nan ma ta dushe. Tsoro ya kama ni.

Na ce, "Ita ce."

"Ta ina kika gane?"

Na ce, "Ba wadda za ta bi ubanki har can da wannan jakar sai ita."