Sunan Ɗiyar Fari

Ni mutuniyar Maradi ce. Karatu ya kawo ni Lyon ta ƙasar Faransa, aure ya zaunar da ni. Maigidana mutumin Gine Bisau ne, direban bas, mai sanyin hali har ya ba mutum haushi. A unguwar Vaulx-en-Velin muka haifi yaranmu uku. Babbarsu mace ce, doguwa, tun tana ƙarama ba wanda ke cim mata a gudu.

A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba, in an yabe shi a gabanta kau da kai take yi. Haka na tashi na gani, haka na yi. "Ke" nake ce wa ɗiyata, in ina zancenta kuma in ce yarinyar nan. Ƙannenta kuwa sunayensu sun sha wuya a bakina, daga hawa na huɗu na benenmu nake ƙwala musu kira, unguwa duk ta ji. Wurin tserenta ban taɓa leƙawa ba, ubanta ke kai ta. Amma duk hotonta da ya fito a jaridar unguwa na yanke, suna ƙasan akwati, a ƙarƙashin atamfofina.

A shekarar 2009 aka ce ƙasashe masu magana da harshen Fotugal za su taru a Lisbon su yi wasanni. Ƙasar ubanta ta aiko cewa za ta ɗauke ta, in har ta gama gudun mita ɗari huɗu cikin lokacin da aka yanka mata, a wata gasa a Paris. Maigida bai samu hutu ba, rakiya ta faɗo kaina.

A jirgin ƙasa muka tafi, har muka yi nisa. Sannan ta ce, da Faransanci, ba ta ko dube ni ba, wai in mun isa ba sai na shiga fili ba, in je wurin ƙawata a unguwar Clichy-sous-Bois in jira ta. Na tambayi dalili.

"Inna, shekarata goma sha tara. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba."

Wallahi maganar ta soke ni. Ni kuma in abu ya taɓa ni faɗa nake yi. Na wanke ta tas, na ce wa ya yi goyonta, wa ke tashi da asuba yana dama mata kunu, rashin kunyar Turawa ce take so in koya da furfurata? Ta bar ni na gama, ta ce ta san al'ada ce, ubanta ya sha gaya mata. Amma in ta dawo daga Lisbon za ta koma Paris wurin gwaggonta da zama, gidan da ake kiran ta. Na kuwa san ɗiyar da na haifa, ba ta magana biyu.

Filin dai na shiga. Da suka sha kwanar ƙarshe tana ta uku, ga iyaye kowa na kiran tasa. Na buɗe baki, sunan ya zo nan maƙogwaro ya tsaya cik. Sai na rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga Maradi har Tibiri. Wani tsohon Bature da ke gabana sai da ya zubar da kofinsa. Ta zo ta biyu, cikin lokacin da aka yanka mata, an ɗauke ta. Ranar kaina ya kumbura, ba ƙarya. Da ta fito tana haki ta ce ta ji guɗar, ta gode, amma guɗa ta kowa ce.

Sati uku na yi ina juya maganar. Na je unguwar La Guillotière na sa tela ya ɗinka mata riga da launin tutar ƙasar ubanta, ja da rawaya da kore. Ta karɓa da hannu biyu, ta ninke, ta sa a jaka. Jaka ta biyu ma tana ɗaure a bayan ƙofa, ta Paris.

Ranar tafiya Lisbon muka raka ta tasha, ni da ubanta da ƙannenta. Ta rungume kowa, ni ta durƙusa mini, na sa mata albarka. Ta juya ta shige cikin mutane, sunan ƙasar ubanta a rubuce a bayan rigarta. Ina kallon dogon wuyan nan yana nisa, na ce a raina, Inna ki yafe mini, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na kira ta. Da sunanta na yanka, gaba ɗaya, da muryar nan tawa ta hawa na huɗu.

Ba ta waiwayo ba. Mutane da yawa sun waiwayo, ita ko tana ta tafiya. Sai maigida ya taɓa hannuna, ya ce a hankali, "Sake kira. Ba ta san shi da muryarki ba."

A kira na biyu ta tsaya. Jakar ta suɓuce daga kafaɗarta.